Ƙuri'ar da Ta Faɗa wa Millaray

A Puerto Montt ruwan sama ba ya sallama,
tun Litinin yake zuba, ga shi yau Alhamis.
Ni ke riƙe da mabuɗin laburaren makaranta,
shekara ashirin da uku ina shaƙar warin jiƙaƙƙun riguna
da yara ke ratayewa a bayan ƙofa.

Millaray ta shigo da ƙuri'a dunƙule a hannu.
An ce ranar Asabar ta tsaya gaban alƙalai uku
ta kare batun a rufe kejin kifin da ke cikin teku.
Ubanta kuwa, Eladio, a ƙarƙashin kejin nan yake nitso,
can ya samo kuɗin takalmin da take tsaye a ciki.

Na ce, zauna, ga lambar shiga.
Nan ba tsakiyar kasuwa ba ce
inda kowa ke tallar gaskiyarsa da ƙarfin maƙogwaro.
Rumbun bincike ne, an tankaɗe abin da ke ciki,
ko da yake tsakuwa kan tsallake rariya.

Ta buga kalma ɗaya.
Maƙala dubu arba'in suka taso
kamar an taɓa gidan rina.
Ƙara kalma, na ce, rage shekaru,
zaɓi waɗanda masana suka tantance kafin a buga.
Dubu arba'in suka koma sittin da biyu.
Ta ja kujera. Ta tuɓe hula.

Wajen ƙarfe huɗu ta tsinci jimla mai kaifin aska,
ta kwafe ta da jan biro, tana murmushi.
Na ce, wa ya fara faɗin ta?
Ta bi sawu. Wannan ya aro daga wancan,
wancan ya aro daga wani,
har ta isa gindin maganar:
gaɓa ɗaya aka auna, a rani ɗaya,
kafin ma a haife ta.
Ta soke jimlar da kanta, ba ta dube ni ba.

Yanzu nemi abin da zai kayar da ke, na ce.
Wanda bai san nauyin abokin kokawa ba
da bayansa zai auna shi.
Ta nema, ta samu: gidaje nawa ke ɗora tukunya
da albashin kejin nan,
garuruwa nawa za su kashe fitila.
Ta rubuta su duka, haƙoranta a kan leɓe.

Sai wata maƙala ta faɗo wadda ba a kira ba,
ba ta ɓangarenta, ba ta ɓangaren abokan hamayya.
Likitoci ne suka duba masu nitso:
kunnuwa, huhu, ƙashin kafaɗa.
Shafi na shida akwai jadawali.
Ta ɗora yatsa kan layi na uku, ta daɗe.
Ta ce, shi ya sa yake saka riga da hannu ɗaya.

Na tashi na gyara littattafan da ba su karkace ba.

Ranar Asabar ban je ba, gwiwata ba ta son sanyi.
An ce ta kawo hujjar abokan hamayya kafin su kawo,
ta ajiye ta a fili, ta amsa abin da ke amsuwa,
sauran ta ce, wannan kam gaskiyarku ce.
An ce maki ɗaya ya raba su.
Wanda ya ba ni labari ya manta wa ya ci.

Litinin da safe, ruwa bai fasa ba,
ta zo ta ce in buga mata shafi tara a takarda,
da manyan baƙaƙe, don idonsa ya fara gajiya.
Ta miƙo kuɗi.
Na ce injin ya lalace wajen lissafi.
Ta naɗe takardun cikin leda,
ta cusa a ƙirji, ta fita cikin ruwa.